Inda Na Binne Wayar Aradu

Shekaranjiya saura ƙiris in mari wani mai gyaran lantarki a gidan ɗana Sani a Karu, kuma har yanzu ban ga laifina ba. Sani ya gama ginin benensa, damina ta faɗi da fushi, sai ya kira mutumin ya kafa masa ƙarfen kama aradu a kan rufi. Ina zaune a baranda ina kallonsa. Ya kafa ƙarfen a sama yadda ya kamata, ya sauko da waya ta jikin bango yadda ya kamata. Daga nan ya ɗauki diga ya nufi gindin famfo, inda matar Sani ke wanke-wanke, inda jikata ke wuni tana tsalle ba takalmi, wai a nan zai binne ƙarshen wayar.

Na ce, "Kai, dakata! Me za ka yi a nan?"

Ya ce, "Baba, nan ne ƙasa yake da ruwa. Wuri mai ruwa shi ne mai kyau. Aikina ne, oga ya riga ya yarda."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fizge digar da hannun hagu, don na daman ba ya riƙe abu mai nauyi, na yi jifa da ita. Sani ya fito da gudu yana, "Baba, lafiya? Baba, yi haƙuri!" Mutumin kuwa ya ja da baya yana yi wa Sani irin kallon nan na tsohonka ya fara ruɗewa. Ban ruɗe ba. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina koyar da fiziks, kuma maganar da ya faɗa ɗin nan, da bakina na taɓa faɗa wa wani Bafulatani ita. Matata Hajara tana falo tana jin komai. Ba ta fito ba.

A shekarun da gwamnati ke kwaso kujerunta daga Ikko tana kawowa Abuja aka turo ni daga Zariya in koyar a wata sakandare a Gwagwalada. Wanda ya san Abuja yau da gilasai da fitilu ba zai gane abin da nake faɗa ba. Jar ƙasa ce da tifa da katafila, sai ƙarar nakiya ana fasa duwatsu, har allon aji yakan yi rawa. Kullum manyan motoci na wucewa ɗauke da tebura da akwatunan takardu da iyalan ma'aikata, kowa da bakinsa na ci. Ɗaki ya gagare mu a cikin gari, sai wani tsohon Bagwari, Baba Ɗanladi, ya ba mu ɗaki a gidansa a wata 'yar unguwa bayan Paikon Kore, ya kuma yanka mini gona. Da safe in hau keke in tafi makaranta, in na dawo in cire taguwa in ɗauki fartanya. Shi ne ya raɗa mini Tisha.

Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta yi rabin ido. Ɗan abin da aka samu kuma 'yan kwangila suka bi ƙauyuka da motoci suka saye, don leburorinsu sai sun ci. Kafin ruwan bana ya sauka an yi wani zafi da ban taɓa ji ba a Zariya, zafi mai danshi, ka yi wanka ka fito kana gumi. Da ruwan ya zo, da faɗa ya zo. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin bayan azahar, iska ta fara yaye jinka, ta tumɓuke gwanda, ta ɗauki kaza ta maka da bango, sannan ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mu yi tulin doya yau, gobe mu tarar rabi ya bi ruwa. Mu sake. Gayya muke yi, yau gonar wannan gobe ta wancan, matan gidan Baba Ɗanladi suna kawo mana ruwa a kafaɗa yadda suka saba ɗaukar kaya, amma abincin gayya ya zama tafasa da rama da ɗan gishiri. Mutum ya sunkuya noma, in ya ɗago sai ya ga duhu-duhu. Masara ta yi kore shar a gona, tana kallonmu muna kallonta, da sauran wata biyu cur kafin ta nuna.

A cikin wannan ne zazzaɓi ya kwantar da Hajara mako biyu. Ta tashi da rai, amma nononta ya ƙafe ƙaf. 'Yarmu ta fari, Safiya, watanta biyar. Hajara ba ta kiran sunanta saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "yarinyar nan", amma duk wanda ya ga yadda take matse ƙirjinta tana hawaye ya san ba kunya a zuciyar. Madarar gwangwani kuwa, wadda yanzu take kowane shago a Karu, a lokacin ta masu mota ce.

Buba ne ya cece mu. Bafulatani ne dogo, siriri, ba ya son magana, yana da shanu tara da matarsa Dije. Da rani yakan kafa garke a fegin Baba Ɗanladi da ba a nomawa, shanu su ci kara su zuba taki. Da ruwa ya sauka 'yan'uwansa duk suka kaɗa shanu suka yi arewa gudun ƙudan tsando, shi ma har ya ɗaure kaya. Hajara ta goyi yarinyar ta je wurin Dije, ban san abin da suka faɗa wa juna ba. Washegari na ga Buba yana kwance kayansa. A garken saniya ɗaya ce tak mai tatsa, ja ce mai farin goshi, suna kiranta Wule. Kowace safiya Dije ta janye ɗan maraƙin tun bai ƙoshi ba, ta kawo mana ƙoƙo guda da ɗuminsa. Hajara ta tafasa, ta sirka da ruwa, ta ba yarinyar da ƙaramin cokali. Safiya ta murmure, har kumatu suka dawo. Buba in ya gan ta sai ya ce, "Ina amaryata 'yar Wule?" Ni kuma in ce masa, "Kai dai ka yi kiwon surukarka da kyau, Baƙauye." Ya yi murmushi ya ce malamin boko ko tatsa bai iya ba. Duk unguwar an san ran yarinyar nan yana jikin saniyar nan.

Baba Ɗanladi yana da rumbu biyu a kan wani ɗan tudu. Wata la'asar muna fake a zaure, aradu ta faɗa wa ɗaya. Ba na ce na ji ƙara ba, ƙarar ce ta buge ni a ƙirji. Jinkar ta kama da wuta a cikin ruwan sama, rumbun ya tsage biyu, dawa ta zubo tana toyewa. Muka yi ta kwasa da hannu muna ƙonewa, mata na kururuwa. Abin da muka tsirar bai cika kwando uku ba, shi ma sai ɗacin hayaƙi. Saura rumbu ɗaya, kuma a cikinsa gida uku muke ci, da na Baba Ɗanladi da nawa da na Buba. Tsohon ya zauna a cikin taɓo ya riƙe kai ya ce, "Tisha, in ya dawo ya ɗauki wannan, mun mutu."

Nan kaina ya kumbura. Na ce a raina, ga ranar da karatuna zai yi amfani. Ni mutum ne mai son tabbas. Akwai sabuwar fiziks, wadda ake kira kwantam, da ta ce ƙananan abubuwan da aka yi duniya da su ba ka isa ka nuna inda suke da inda suka nufa a lokaci guda ba, sai dai ka ce watakila nan, watakila can. Ina koyar da ita don dole, amma haushi take ba ni, kamar maganar mai duba. Na fi son tsohuwar: ka jefa dutse, in ɗauki alli in gaya maka inda zai faɗi. Haka na ɗauki aradu, dutse ce da zan gaya mata inda za ta faɗi.

Wani ɗan garinmu mai aikin gini ya tsinto mini guntayen rodi biyu da tsohuwar wayar tagulla. Ranar Asabar na tara Baba Ɗanladi da Buba a gindin rumbu na buɗe musu aji. Na ce duk abin da suke gani, dutse da ruwa da ni da su da Wule, da ƙwayar zarra aka yi shi, ƙwayar da ido ba ya gani. A jikin kowace akwai wasu 'yan mitsi-mitsi da ake kira ilektoron, gudunsu shi ne lantarki. In hadari ya haɗo, iska na gurza ƙanƙara da ruwa a cikin girgije, 'yan nan su taru a ƙasansa har wuri ya yi musu kaɗan, sai su keta iska su sauko gaba ɗaya. Abu mai tsawo suke nema, da hanya mai sauƙi. To mu ba su: ƙarfe mai tsini a kan doguwar gora da ta fi rumbu tsawo, waya daga nan zuwa wani ƙarfen a cikin ƙasa. Na kuma koya musu ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa, don haske ya fi ƙara gudu nesa ba kusa ba, in ƙirgen ya yi tsawo tana nesa, in ya gajarta ta matso.

Baba Ɗanladi ya ce shi dai a yi ko mene ne. Buba yana jingine da sandarsa ya ce, "Malam, in ta shiga ƙarfen, ina za ta?"

Na ce, "Ƙasa."

"In ta shiga ƙasa ta mutu ke nan?"

"Ta tafi."

"Ta tafi ina?"

Dariya na yi masa. Wallahi dariya na yi. Ni da abin da nake fara rubutawa a allo kowace shekara shi ne ƙarfi ba ya ɓacewa, wuri kawai yake sakewa ko kama. Yara sun haddace shi a bakina har suna kwaikwayona. Mutumin da bai taɓa riƙe alli ba ya yi mini tambayar darasina na farko, na ce masa ya bar wa masu karatu aikinsu.

Muka kafa gorar. Da aka zo kafa ƙarfen ƙasa, tudun ya ƙi, duk tsakuwa ce da marmara, ruwa ba ya zama a kai. Na san busasshiyar ƙasa ba ta karɓar lantarki da kyau. Na duba na duba, sai idona ya faɗa kan garken Buba a gangare, taku talatin daga rumbun. Ƙasa baƙa, lumtsum, kullum a jiƙe. Har na tafa hannu don murna. Na ce ga fitsarin shanu, gishiri ne zalla, ba abin da lantarki ke so kamar ruwan gishiri. Na ja wayar har kusurwar garken ta yamma, na dasa rodi mai kauri, tsawon mutum, na buga shi har sai da ya rage kamu ɗaya a waje.

Buba ya ce, "Ban so ƙarfen nan a wurin shanuna ba, Malam."

Na ce, "Buba, nan ne ƙasa take da ruwa. Wuri mai ruwa shi ne mai kyau. Aikina ne, ka bar ni."

Ya bar ni. Kunyata ya ji.

Kwana goma sha ɗaya ba abin da ya faru, ina ta yawo ina hura hanci. Rana ta goma sha biyu, ranar Laraba, tun hantsi gari ya yi tsit, zafi ya danne mu, ko ganye ba ya motsi. Na dawo daga makaranta da wuri. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi har da wani kore-kore a ciki. Buba ya koro shanu da sauri ya zuba su a garke, ya ɗaure ɗan maraƙin can gefe a bakin bukkarsa. Iska ta iso ta kwashe rufin kicin ɗinmu ta wurga shi cikin masara. Ina tsaye a bakin zaure ina ƙirga wa Baba Ɗanladi da ƙarfi. Walƙiya, na kai goma sha biyu. Walƙiya, na kai bakwai. Walƙiya, uku. Shanu kuwa sun yi abin da shanu ke yi a cikin ruwa, sun juya wa iskar gabas baya, kawunansu na duban yamma, wajen ƙarfena.

Ta gaba ban ƙirga komai ba. Duniya ta yi fari fat, na ji ɗanɗanon ƙarfe a bakina, na tsinci kaina a zaune a ƙasa kunnuwana na kuka. Da idona ya washe abin da na fara duba shi ne rumbu. Yana nan tsaye lafiya lau, kan gorar ne kawai ke hayaƙi. Na yi tsalle na ce, "Ta kama! Baba, ta kama!" Ina cikin wannan ihu na ji na Dije.

Shanu shida a ƙasa. Huɗu sun sanƙare, ƙafafu a sama, harshe a waje, tururi na tashi daga jikinsu. Biyu na shure-shure. Buba ya tsallake shinge da wuƙa a hannu, yana zamewa a cikin taɓo, don in rai ya fita kafin a yanka sun zama mushe. Ya danne ta farko da gwiwa ya yi bisimilla ya yanka, jini ya yi tsartuwa har fuskarsa. Ta biyun Wule ce. Tana numfashi sama-sama, idonta a buɗe. Ya tsaya a kanta kamar na numfashi biyu, ya kira sunanta, ya shafa farin goshin, sannan ya kama ƙahon ya juya wuyanta. Ruwan sama ya kwashi jinin ya bi da shi ta ƙarƙashin ƙafafuna.

Ni kuma, Allah ya yafe mini, a tsaye a wurin nan kaina lissafi yake. Na ga ukun da suka tsira, bijimai biyu ƙanana da wata tsohuwa da ta daina haihuwa, duk a karkace suke tsaye, gefensu ne ke duban ƙarfen. Waɗanda suka faɗi duk fuskantarsa suke. Sai karatun ya dawo mini, yana cikin littafin da ke ƙarƙashin gadona. Lantarki in ya shiga ƙasa bazuwa yake ta kowane gefe, yana raguwa da nisa. Ƙafar gaba tana inda yake da ƙarfi, ta baya tana inda ya ragu, sai ya hau ta wannan ya sauka ta waccan, zuciya kuma tana kan hanya. Mutum mai ƙafa biyu a haɗe yakan sha. Saniya doguwa ce. Na san wannan tun ina ɗalibi, na ci jarrabawa da shi.

Buba ya ajiye wuƙar. Na gode Allah da ya ajiye ta. Ya ɗauki sandarsa ya taho, ba gudu ba, tafiya. Na buɗe baki zan yi bayani, bayani fa! Ya ɗaga sandar ya nufi kaina, na tare da hannun dama, na ji ƙas, hannun ya lanƙwashe inda ba gaɓa. Ta biyu a haƙarƙari, numfashina ya ɗauke. Na faɗi cikin kashin shanu da jini, ya ci gaba da zuba mini a baya, a cinya, a kafaɗa, kowace sanda da maganarta.

"Na tambaye ka! Na tambaye ka ina za ta! Ka yi mini dariya!"

Ban rama ba, ban ma yi ƙoƙarin tashi ba. Baba Ɗanladi ne ya zo ya kwanta a kaina da tsufansa yana cewa, "Buba, kashe ni tukuna! Ni na ce ya yi!" Sanda ɗaya ta same shi kafin Buba ya tsaya. Ya yar da ita, ya durƙusa a gaban Wule, ya yi wani kuka da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Da aka kinkime ni zuwa gida na ga Hajara a bakin ƙofa da yarinya a kafaɗa. Ba ni take kallo ba, garken take kallo.

Wani maɗori ya ɗaure mini hannu da karare. Mushe huɗu aka ja su bakin daji, ungulu suka yi biki, mu muna kallo da yunwarmu. Ɗan maraƙin Wule ya kwana uku yana kuka, Safiya na amsa masa daga ɗaki. Dije ta aiko da tsoka daga naman da aka yanka, ba ta shigo ba, a bakin zaure ta ajiye. Na rantse ba zan ci ba. Da yamma na ci, har da tanɗe kwano, ina ci ina jin ƙyamar kaina.

Dawa tana nan a rumbu, ko ƙwaya ba ta ƙone ba, amma jaririya 'yar wata shida ba ta cin dawa. Hajara ta dama koko ta tace shi sau uku ya zama kamar ruwa, yarinyar ta sha ta amayar. Aka gwada romo, ya dawo. Mace mai shayarwa ɗaya ce a unguwar, ita ma nata ɗan ƙashi da fata ne, ta gwada don Allah, ba abin da ya fito. Sauran Fulani duk sun yi arewa. Ruwan Larabar nan kuma ya cinye kwalbatin da ke tsakaninmu da titi, rafi ya cika yana tafe da itatuwa. Kwana na huɗu Baba Ɗanladi ya ɗaura igiya a ƙugu ya ƙetare, ya dawo washegari da ƙaramin gwangwanin madara a ɗaure a kansa, ban tambaye shi yadda ya yi ba. Muka tafasa ruwa da jiƙaƙƙen icce, hayaƙi na kashe mana ido. Cikinta ya ƙi karɓa. Gudawa ta kama ta, maɗigarta ta faɗa, kukan ma ya koma kamar na ɗan kyanwa. Ina zaune da hannu a rataye a wuya, ko ɗaukarta ba na iyawa.

Rana ta tara rafin ya ɗan janye, muka shirya da hantsi za mu ƙetara da ita asibiti. Hajara ta sunkuya za ta goya ta, sai ta tsaya. Ta juyo da ita, ta kara kunne a ƙirjinta. Ta ce, "Safiya. Safiya. Safiya!" Ranar ce na fara jin sunan a bakinta.

Fadama duk ruwa ne, dole sai a tudu za a yi kabari, tudun nan mai marmara da ya ƙi ƙarfena. Musulmin unguwar ba mu da yawa, in ka cire Buba daga ni sai wani tsohon Bakatsine mai tireda, wanda ya yi mata salla. Ni ba hannu, shi ba ƙarfi. Baba Ɗanladi ya sara da fartanya har bakinta ya lanƙwashe, bai yi kamu ɗaya ba. Muna tsaye a haka sai ga Buba. Tun ranar nan ban sa shi a ido ba. Ya dubi ramin, ya juya ya gangara garkensa. Da ya dawo, rodin nan ne a kafaɗarsa, wanda na dasa, ya tumɓuko shi da baƙar ƙasa a jiki. Ya tuɓe riga ya fara sara. Ƙarfe na cin dutse yana tartsatsi, yana sara yana kwashewa da hannu, tafin hannunsa ya fashe, bai tsaya ba sai da ya gama har da ɗan ƙaramin ramin ciki da ake kwantar da gawa. Shi ya karɓe ta daga hannun Bakatsinen, shi ya kwantar da ita, don ni ba zan iya da hannu ɗaya ba.

Da aka rufe aka yi addu'a, ya goge rodin da ciyawa ya miƙo mini. Ya ce, "Ungo, Malam. Ƙasar nan da tauri. Ba don shi ba, da ba mu iya ba."

Ba da gatse ya faɗa ba, da ma da gatsen ne, da na fi samun sauƙi. Washegari suka kaɗa shanu uku da ɗan maraƙi suka yi arewa. Ban sake ganinsa ba. Masara ta nuna bayan mako biyu, aka gasa, aka ci, dawar rumbun ta kai mu har kaka da saura. Hannuna ya ɗoru a karkace, na koyi rubutu a allo da hagu. Kowace shekara in na rubuta cewa ƙarfi ba ya ɓacewa, sai in juyo in ce wa yara su tambaye ni ina ya tafi, wanda bai tambaya ba ya fita mini daga aji. Suna cewa Malam mafaɗaci ne. Hajara ba ta taɓa cewa ni na kashe ta ba, ko sau ɗaya a shekarun nan duka. Ba ta kuma taɓa cewa ba ni ba ne.

Mai lantarkin Sani dai a ƙarshe ya bi abin da na ce, yana ƙunƙuni. Aka kai wayar can bayan gida, lungun da ba mai bi, aka zurfafa rami, aka kewaye da bulo. Na auna tazarar da ƙafata sau biyu. Jiya da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, jikata tana gindin famfo tana wasa da ruwa. Sunan yayar ubanta aka sa mata, kuma Hajara takan kira sunan nan sau ɗari a wuni, ko da dalili ko babu. Da walƙiyar farko Hajara ta fita da gudu, da ciwon gwiwarta da komai, ta sure ta ta shigo falo. Ta ɗora ta a cinya, ta tattare 'yan ƙafafun a cikin zaninta kada su taɓa ƙasa, leɓɓanta na motsi tana ƙirga.

Na san a kan siminti, a cikin ɗaki, ba abin da zai same ta. Na buɗe baki zan yi bayani, sai na rufe. Na ɗaga nawa ƙafafun na ɗora a kan kujera, muka zauna mu uku har ruwan ya ɗauke.